Hattara da mai tallar takin kashin tsutsa na bogi

'Yan'uwa masu renon furanni a tukwane, a yi hattara da wani mai tallar takin kashin tsutsa a shafukan sada zumunta. Ba zan kama suna ba, don yau wannan suna yake amsawa, gobe wani. Hoton dai ɗaya ne: ganye kore shar, da alkawarin cikin kwana uku shuka za ta miƙe.

Kwana ukun nan ne ya ja ni, alhali shi ya kamata ya tsayar da ni. Kashin tsutsa na gaskiya, kamar na tsutsar baƙin ƙudan soja, ba ya aikin gaggawa. Naitirojin ɗinsa, wato sinadarin da ke ciyar da ganye, kaɗan ne, kuma sai ƙananan halittun cikin ƙasa sun narkar da shi kafin saiwa ta sha. Makonni ake jira. Amfaninsa ke nan ga tukunya, ciyarwa a hankali.

Abin da ya aiko min leda ce ba rubutu ko ɗaya a jikinta. Na barbaɗa wa tukwane biyar. Makon farko har ina murna, sai bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an kai masa ashana, wani farin gishiri ya taso a saman ƙasar. Da na zuba cokali ɗaya a kofin ruwa sai asiri ya tonu: garin katako ya taso sama, rinin da aka yi masa ya saki, wasu fararen ƙwayoyi suka narke nan take. Yuriya ce, wato takin zamani. Kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, a ɗan ƙaramin mazubi kuwa ba ta da inda za ta gudu sai kan saiwa. Idan kun zuba da yawa a ruwa kaɗan, ku taɓa kofin, za ku ji ya yi sanyi, haka yuriya take idan tana narkewa. Garin katakon shi kuma nasa sharrin sai daga baya, yayin ruɓewa yana ƙwace wa shuka abinci, ganye ya koma ruwan ɗorawa.

Kafin ku biya, ku tambayi mai tallar kashin wace tsutsa ce, kuma an gasa shi? A Tarayyar Turai tun 2021 doka ta ce sai an ɗumama shi a digiri 70 na ma'aunin Celsius na tsawon awa ɗaya kafin a sayar, don kashe ƙwayoyin cuta. Mai kiwon tsutsa na gaskiya zai amsa ba tare da inda-inda ba. Ku kuma duba a tafin hannu, na kirki kan zo da ɓarɓashin saɓar jikin tsutsar.

Tukwane uku na ceto, na kwashe ƙasar sama na yi ta zuba ruwa yana fita ta ƙasan tukunya. Biyu sun tafi. Da na tura masa hotonsu, bai ce uffan ba, toshe ni ya yi.