Hattara da masu cewa za su mayar maka da laftof ɗinka Core i7

Jama'a, don Allah a kula. Ƙanwata ce ta faɗa hannunsu, shi ya sa na kasa yin shiru.

HP EliteBook 840 G3 take amfani da ita, mai firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-6300U, kuma ta yi mata nauyi daidai lokacin da take rubuta furojet. Wani mai gyara a kasuwar waya ya ce mata: "Hajiya, firosesar ce ta gaji, kawo naira dubu 45 in sa miki i7." Ta biya. Bayan kwana biyu ya miƙo mata da sabuwar sitika a gefen kibod, ya buɗe shafin bayanan Windows, ga Core i7 ɓaro-ɓaro. Ta dawo gida tana murna, amma nauyin na nan yadda yake.

Da na kunna ta na danna F10 na shiga BIOS, shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta buɗe, sai ga i5-6300U ɗinta zaune. Manhajar CPU-Z mai duba kayan cikin kwamfuta ma abin da ta nuna ke nan. Canza wa tuwo suna kawai aka yi: sunan da Windows ke nunawa rubutu ne a cikin rajista, wato ma'ajiyar saitin Windows, ana sauya shi cikin minti ɗaya, a dasa ɗan umarnin da zai riƙa mayar da shi duk sanda aka kunna. Sitika kuwa kowa na iya saye ya manna.

Abin da ya fi ƙona min rai, aikin da ya karɓi kuɗinsa ba ya yiwuwa yadda ya faɗa. Firosesar wannan laftof a liƙe take da dalma a jikin madabod, babban allon da ke cikin na'urar, ba ta da mazaunin da ake zarewa. Daga ƙarni na 5 na Intel, wato tun 2015, kusan duk laftof haka suke zuwa, kuma masu harafin U a ƙarshen lamba duk a liƙe suke. Waɗanda ake iya cirewa tsofaffi ne, irin i5-3320M ko i5-4200M. Ko da ma an sauya madabod ɗin gaba ɗaya an kawo mai i7-6600U ta gaskiya, ita ma kai (core) biyu gare ta kamar i5 ɗin, da ƙyar za ka ji bambanci.

Ciwon kwamfutar ashe tsohon faifan ajiya (hard disk) ne mai juyawa da ƙarancin RAM, 4GB kawai. Muka sa SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri, muka kai RAM 8GB, ta miƙe garau.

Duk wanda ya ce zai ɗaga maka firosesa, rubuta cikakkiyar lambar taka kafin ka bar masa na'urar, ranar karɓa kuma ka shiga BIOS a gabansa kafin ka ciro ko kwabo. Mu da muka koma wurin mai gyaran na nuna masa, cewa ya yi yaronsa ne ya yi aikin. Sai da shugabannin kasuwa suka shiga maganar ya dawo da dubu 30, sauran har yau muna bin sa.