Midiyam ɗin akirilik a hunturun Jos: wanda ya ci kuɗinsa da wanda za a iya haƙura da shi

Duk mai zane da fentin akirilik a Jos ya san abin da hunturu ke yi wa aiki. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta bushe ƙamas, ka matso launi a faranti, kafin ka gama haɗa shuɗin sama har ya yi fata. Yawancinmu ruwa muke ƙarawa, tunda shi ne a hannu kuma ba a saye. Na yi damina da hunturu ina aiki da midiyam iri uku, wato abin da ake haɗa fentin da shi maimakon ruwa, kuma ina ganin ya kamata 'yan'uwa masu zane su ji yadda ta kaya kafin su zuba kuɗinsu, don kayan ba su da arha.

Shi fentin akirilik garin launi ne a cikin ruwan roba. Ƙananan ƙwayoyin roba ne ke yawo a cikin ruwa, in ruwan ya tashi sai su haɗe su zama fata guda mai riƙe launin. Tun tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Liquitex ya fito da irin wannan fenti ga masu zane a Amurka. Midiyam kuwa wannan ruwan robar ne tsura, ba launi a ciki. Shi ya sa in ka cika wa fenti ruwa sai ya yi fari-fari, ya rasa ƙarfi, wani lokaci ka goga yatsa ya biyo ka. In da midiyam ka tsinka shi, launin ya yi sauƙi amma riƙonsa na nan.

Wanda ya fi yi mini rana shi ne mai jinkirta bushewa da ake shimfiɗa launi da shi. Na gwada shi a zanen duwatsun Shere da yamma, lokacin da hazo ya sauka, rana ta koma ja-ja, duwatsun nesa suna narkewa cikin toka-toka. Irin wannan sama ba ta son iyaka tsakanin launi da launi. A da sai na yi ta tsere da burushi, ina ajiye launin ruwan lemo a sama, kafin in kawo toka ya riga ya kama, sai layi ya fito a tsakiya. Da na haɗa midiyam ɗin, na samu sararin ɗaukar busasshen burushi mai laushi ina shafa mahaɗar a hankali, hagu da dama, har launukan suka shige cikin juna. Wurin da na ga ja ya yi yawa na share da tsumma, ya fita tas. A hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a lura, iri biyu ne a kasuwa kuma mutane na rikita su. Akwai wanda aka haɗa da ruwan roba, shi za ka iya zuba yadda kake so. Akwai kuma tsurar maganin jinkiri wanda ba roba a cikinsa, masu yinsa kan ce kada ya wuce kamar kashi 15 cikin 100 na fentin. In ya wuce haka aikin zai daɗe yana danƙo, kuma zane mai danƙo a watan Janairu ƙura ce za ta gama shi. Ko da na farkon ma, in na tashi aiki ina juya fuskar zanen ta kalli bango, in rufe taga.

Na biyu shi ne mai sheƙi. A cikin kwalba fari ne kamar madara, yana bushewa ya zama garau. Wata ɗalibata da ta ga na shafa shi a kan inuwar dutse ta riƙe baki ta ce, "Malam, ai ka ɓata aikin, duk ya yi fari." Na ce ta je ta dawo bayan la'asar. Da ta dawo inuwar ta yi zurfi, jan ƙasar da ke ƙarƙashi yana leƙowa ta cikin shuɗin da na ɗora. Amfaninsa ke nan: ɗigon launi kaɗan, midiyam da yawa, ka ɗora shafi a kan shafi, haske ya ratsa ya dawo. Wannan farin ne kuma ke sa akirilik ya ƙara duhu in ya bushe, don haka ina haɗa launi ya ɗan fi abin da nake so haske. Akwai kuma irinsa marar sheƙi, amma shi bai burge ni a kan launuka masu duhu ba. Garin da ake sa masa don kashe sheƙi yana barin hazo-hazo in shafin ya yi kauri, baƙi ya koma toka.

Na uku, kullin da ake tayar da tudu da shi a kan zane, wanda garin dutsen marmara ne a cikin roba. Na yi duwatsun Riyom da shi, ina ɗiba da wuƙar fenti ina dannawa, kuma gaskiya kaushin dutse ya fito, har mutane na kai hannu su taɓa. Amma yana da nauyi, yana son allon katako fiye da kyanbas mai lanƙwasa, kuma in aka tula shi a karo ɗaya sai ya tsage. Shafi-shafi ake yi, kowanne ya bushe. In ka cuɗa launi a ciki sai ya kashe masa kaifi, gara ya bushe ka fenta a kai. Ga shi kwalbar ba ta jimawa. Na san wasu na maye gurbinsa da farin gam na kafintoci da garin filasta. Don gwaji ba laifi, amma aikin da za ka sayar wa mutum ya rataya shekaru, ban yarda da shi ba, gam ɗin yana laushi in ya sha danshi.

Akwai wani abu da ya shafe mu a nan fiye da 'yan'uwanmu na Kano ko Abuja. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, kuma sanyin dare a tsakiyar hunturu kan kusanci digiri 10. A ƙasa da haka ƙwayoyin robar ba sa haɗewa da kyau, shafin ya fito ba ƙarfi ko ya tsattsage. Shafi mai kauri da hantsi nake yinsa, kuma ba na barin ɗanyen aiki ya kwana a baranda.

Samunsa ma aiki ne. Fenti da burushi ba sa wuya a wajen Taminus, amma midiyam sau da yawa sai an aiko daga Legas ko Abuja. Wata kwalba da aka aiko mini ta iso da marfi a kwance, samanta ya riga ya yi fata, mai shagon kuma ya ƙi karɓa. Ka nemi a turo maka hoton hatimin marfin kafin ka biya.

Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da mai jinkirta bushewa wanda ke da roba a ciki, don yana yin rabin aikin mai sheƙin ma. Mai sheƙi ya biyo baya. Kullin tudu kuwa sai in akwai aikin da aka ba ka wanda zai biya kuɗinsa.