Tantin da muka yi haya a bakin tafkin Derwentwater

Da na zauna rubuta wannan sharhi, niyyata ita ce in yaba wa kamfanin da ya ba mu hayar tanti da kwale-kwale a garin Keswick, cikin yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, inda ni da ƙanena muka yi kwana huɗu a hutun watan Yuli. A ranar farko kuwa sun cancanci yabo. Saurayin da ke kula da ƙananan kwale-kwalen nan na mutum ɗaya da ake kira kayak ya lura ina ɗari-ɗari da ruwa, da na gaya masa ban iya iyo ba sai ya ɗaure mini rigar kariya da hannunsa, ya koya mini riƙon filafili mai baki biyu, sannan ya raka mu a nasa kwale-kwalen har muka kewaya tsibirin St Herbert muka dawo, bai karɓi ko sisi a kan rakiyar ba.

Tantin ne ya ɓata komai. A dare na biyu, bayan mun sauko daga dutsen Catbells mai tsawon mita 451, wanda hawansa bai ba mu wata wahala ba, muka kwanta a gajiye da tunanin za mu ɗan runtsa, domin a can rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, asuba kuma ba ta jiran kowa. Wajen ƙarfe ɗaya na ji ƙanena yana taɓa ni yana cewa, "Yaya, tashi, ruwa ya shigo mana." Na haska fitilar waya na ga ɗinkin rufin yana ɗiga a jere, daidai kan jakar barcina, ƙasan tantin kuma ya riga ya tara ruwa har takardun tafiyarmu sun jiƙe. Na yunƙura in rufe ƙofa da kyau, zif ɗin ya tsinke a hannuna, iska ta riƙa kaɗa ƙyallen tana watso mana ruwa a fuska. Haka muka ƙarasa daren a cikin mota, muna rawar ɗari a tsakiyar abin da mutanen ƙasar ke kira lokacin zafi.

Ban ga laifin sama ba. Duk wanda ya nufi kwarin Borrowdale, wanda ke dab da tafkin ta kudu, ya san ƙauyen Seathwaite da ke cikinsa yana daga wuraren da suka fi samun ruwan sama a Ingila, fiye da mita uku a shekara. Wannan ne ma ya sa abin ya ci mini rai, domin mai sana'ar hayar tanti a irin wannan wuri ya fi kowa sanin abin da kayansa za su haɗu da shi.

Da gari ya waye muka naɗe tantin yana zubar da ruwa muka kai musu ofis. Matar da ke kan tebur ba ta ko warware shi ba, ta ce ana duba kowane tanti kafin a fitar da shi, wataƙila mu ne ba mu kafa turakun yadda ya kamata ba. Ta ba mu wani, wanda a gaskiya bai yi yoyo ba har muka tashi, amma ranar da muka mayar da kaya sai na tarar an cire rabin kuɗin ajiyarmu da sunan gyaran zif. Na rubuta musu sau biyu, na haɗa da hoton ɗinkin da ya farke, har yau shiru.

Saboda haka tauraro biyu na ba su, kuma duka biyun na saurayin nan ne. Idan na koma tafkin zan sake neman kwale-kwale a wurinsa, amma tanti zan zo da nawa, in kafa shi a tsakar gida in kwara masa bokitin ruwa kafin mu kama hanya.