Wace Antibairos Ta Dace da Kwamfutar Gida, Kuma Yaushe Ya Kamata a Biya Kuɗi?

Kafin ka ciro ko kwabo, fara duba wanda ke gadin kwamfutarka yanzu. Idan Windows 10 ko Windows 11 ce a kanta, da antibairos ɗinta ta zo, wato Microsoft Defender, kuma kyauta ce. Danna Start, ka rubuta Windows Security, ka shiga sashen Virus & threat protection. A nan za ka ga sunan manhajar da ke riƙe da gadin, da ranar da ta yi bincike na ƙarshe. Sau da yawa sabuwar kwamfuta tana zuwa da McAfee ko Norton na gwaji, na wata ɗaya ko makamancin haka. Muddin irin wannan tana aiki, Defender ja da baya take yi ta bar mata filin. Idan wa'adin gwajin ya ƙare, ya kamata Windows ta mayar da Defender bakin aiki da kanta, amma kada ka dogara da zato. Duba da idonka cewa alamar ta yi kore.

Hanya uku antibairos ke bi wajen kama mugun fayil, kuma sanin su yana taimakawa wurin zaɓe. Ta farko ita ce kwatanta fayil da kundin alamomin bairos da aka riga aka sani. Wannan kundi ana sabunta shi sau da dama a rana, shi ya sa manhajar da ta yi wata biyu ba ta ga intanet ba ta zama maigadi mai riƙe da tsohon hoton ɓarawo. Ta biyu ita ce lura da ɗabi'a: idan wata manhaja ta fara sauya ɗaruruwan fayiloli cikin daƙiƙu, ko tana ƙoƙarin karanta kalmomin sirri da burauza ta adana, sai a tsayar da ita ko da ba a taɓa ganin irinta ba. Ta uku ita ce tambayar uwar garken kamfanin ta intanet ko an san wannan fayil a wani wuri. Duk manyan manhajojin suna da ukun. Inda suka bambanta shi ne yawan dogaronsu ga ta ukun, kuma wannan ya shafi duk wanda kwamfutarsa ba kullum take kan intanet ba.

Talla ba hujja ba ce. Kowane kamfani cewa zai yi tasa ce ta fi. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ke gwada waɗannan manhajoji su wallafa sakamako kyauta: AV-TEST a birnin Magdeburg na Jamus, AV-Comparatives a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, da SE Labs a Ingila. AV-TEST tana ba da maki shida-shida a fanni uku, jimla 18: ƙarfin kariya, nauyin da manhajar ke ɗora wa kwamfuta, da kuma yawan ƙarya da take yi wa fayil mai lafiya. Kada ka tsaya kan sakamakon wata guda. Duba na shekara ɗaya a jere, domin wadda ta yi fice yau ta faɗi gobe ba abar dogaro ba ce. Fanni na uku kuma mutane na raina shi, alhali yana da muhimmanci ƙwarai. Manhajar da ke yawan yin kururuwa a kan fayil mai kyau tana koya wa mai gida danna "ƙyale shi" ba tare da karantawa ba, kuma ranar da bairos na gaske ya zo haka zai danna.

A ganinmu, mafi yawan gidaje Defender ta ishe su, da sharaɗi biyu: Windows ɗin ta asali ce, kuma tana karɓar sabuntawa. A shekarun baya-bayan nan tana samun maki daf da na manhajojin kuɗi a gwajin AV-TEST. Ba ta talla, ba ta ƙarewa, ba ta neman lambar kati. Tana da rauni biyu da ya kamata a sani. Na ɗaya, a gwaje-gwajen AV-Comparatives an sha ganin kamunta yana raguwa idan babu intanet, fiye da na wasu abokan gasarta. Na biyu, tacewar da take yi wa shafukan yaudara, wadda ake kira SmartScreen, ta fi ƙarfi a burauzar Edge. Mai amfani da Chrome ko Firefox yana dogara ne ga tacewar burauzarsa. Akwai kuma wani makami a cikinta da ke zuwa a kashe, sunansa Controlled folder access, yana ƙarƙashin Ransomware protection. Idan ka kunna shi, manhajar da Windows ba ta amince da ita ba ba za ta iya taɓa foldar takardu da ta hotuna ba, wanda shi ne ainihin abin da bairos mai garkuwa da fayiloli yake nema. Sai dai ka shirya ɗan wahala a makon farko: zai hana wasu manhajojinka na halak ajiye fayil, kuma sai ka shigar da su jerin waɗanda aka yarje wa ɗaya bayan ɗaya.

Sai na kyauta daga wasu kamfanoni: Avast, AVG, Avira da Bitdefender duk suna da su. Avast ta sayi AVG a 2016, injin kamunsu ɗaya ne, don haka zaɓe tsakaninsu zaɓen fuska ne kawai. Yanzu ma Avast, AVG, Avira da Norton duk ƙarƙashin kamfani ɗaya suke, Gen Digital. Kamun nasu yana da kyau. Abin da za ka biya da shi shi ne haƙuri da saƙonnin "kwamfutarka na da matsaloli, sayi babbar manhaja", sai kuma tambayar abin da ake yi da bayananka. Wannan tambayar ba zargi ba ne: a Fabrairun 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da ita suka ziyarta, ta hannun wani reshenta mai suna Jumpshot, wanda aka rufe a farkon 2020. Duk wadda ka zaɓa, shiga saitunan sirri ka kashe duk wani izinin raba bayanai da ba dole ba. A cikinsu Bitdefender ta kyauta ce ta fi shiru.

To wa ya kamata ya biya? Wanda zai iya faɗin abin da yake saye da bakinsa. Misali gidan da yara ke hawa kwamfuta ɗaya da iyaye, ana buƙatar taƙaita shafuka da lokaci. Ko wanda ke harkar banki da ciniki kullum a kanta, yana son burauza keɓaɓɓiya ta biyan kuɗi. Ko mai na'urori huɗu ko biyar, kwamfuta da wayoyi, yana son lasisi ɗaya da wuri ɗaya na lura da su. Ko kuma wanda kullum filashin mutane ke shiga kwamfutarsa alhali intanet ba ya zama.

Bitdefender, ta ƙasar Romaniya, ta daɗe tana cikin na gaba-gaba a gwaje-gwaje, kuma ba ta yawan tambayar mai ita. Ta dace da wanda yake son ya saka ya manta. Bincikenta na farko kan ɗauki lokaci, na baya su fi sauri. VPN, wato manhajar da ke ɓoye zirga-zirgarka a intanet, da ke zuwa da yawancin kunshinta megabait 200 ne kacal a rana, wanda ba zai isa kallon ko bidiyo ɗaya mai tsawo ba. ESET, ta ƙasar Sulobakiya, an san ta da rashin nauyi, kuma tana ba da saituna masu zurfi ga mai son sarrafa komai da hannunsa. Ita muka fi karkata gare ta idan kwamfutar ta kwana biyu. Norton 360 kaya ce mai yawa a buhu ɗaya: VPN, ma'ajiyar kalmomin sirri, wurin adana fayiloli a intanet, da kulawar iyaye a kunshin Deluxe mai ɗaukar na'urori biyar. Ta yi kyau ga wanda zai yi amfani da kayan, asara ce ga wanda ba zai taɓa buɗe su ba. McAfee ma ta iyali ce mai na'urori da yawa, sai dai tana da yawan saƙonni. Kaspersky, ta Rasha, ƙarfin kamunta ba abin musu ba ne a gwaje-gwaje, amma gwamnatin Amurka ta haramta sayar da ita a Amurka daga Yulin 2024, ta kuma dakatar da sabuntawarta a can ƙarshen Satumbar shekarar, bisa dalilan tsaro da kamfanin ya musanta. Mai zama a wata ƙasa zai iya amfani da ita, amma ya duba dokar inda yake, da ta wurin aikinsa idan yana taɓa takardun ofis a gida.

Malwarebytes ta kyauta wani abu ne daban. Ba ta gadi dare da rana, sai ka kira ta take bincike. Wannan ne ya sa za ta iya zama tare da Defender lami lafiya, a matsayin ido na biyu, musamman wajen share manhajojin talla da ke canza shafin farko na burauza. Haka Smadav, ta Indonesiya, wadda masu yawan mu'amala da filashi suka sani: masu ita ma a matsayin ƙari suke gabatar da ita, kada a mai da ita uwar gadi.

Ka duba ƙarfin kwamfutarka kafin ka yanke shawara. Mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) gigabait 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa za ta ji nauyin babban kunshi sosai, musamman lokacin tashi da lokacin kwafe fayiloli. Mai gigabait 8 ko fiye da faifan SSD, wato na zamani marar juyawa, da wuya ta ji bambanci. Kusan duk na kuɗi suna ba da gwajin kyauta, yawanci kwana 30. Yi amfani da shi: ɗauki agogo ka auna daƙiƙun da kwamfutar ke ɗauka daga kunnawa zuwa buɗe burauza kafin ka saka manhajar, ka sake aunawa bayan kwana uku. Ka kwafe folda mai hotuna dubu zuwa filashi kafin da bayan. Lambobin da ka samu sun fi duk wani sharhi amfani a gare ka.

Wurin biyan kuɗi akwai tarko biyu. Farashin da ake nunawa da manyan haruffa na shekarar farko ne. Na sabuntawa yakan fi shi nesa ba kusa ba, kuma ana cirewa daga kati kai tsaye idan ba ka kashe sabuntawa ta atomatik ba. Nemi farashin shekara ta biyu a ƙananan rubutu, da shi za ka kwatanta, sa'annan ka shiga asusunka ka kashe cirewar tun ranar da ka saya. Tarko na biyu shi ne lasisin bayan fage da manhajar da aka fasa, wato ta kuɗi da aka yi wa kutse don ta yi aiki kyauta. Mabuɗin lasisin da aka sayar wa mutum hamsin kamfani zai toshe shi. Ita kuwa fasasshiyar antibairos ta fi komai haɗari, domin umarnin saka ta yakan fara da "kashe Defender tukuna", sannan ka ba ta cikakken iko a kan kwamfutar da hannunka. Ta wannan ƙofar masu satar kalmomin sirri suka fi shiga. Haka duk shafin intanet da ya cika fuskar kwamfuta da jan rubutu yana cewa an sami bairos goma, ka kira lamba ko ka danna nan: ƙarya ce, shafi ba ya iya binciken faifanka. Rufe burauzar kawai.

Idan ka zaɓa, ga yadda za ka saka. Sauke manhajar daga shafin kamfanin, ka rubuta adireshin da kanka, kada ka bi tallan da ke saman sakamakon bincike. Cire tsohuwar antibairos tukuna. Biyu masu gadi na dindindin ba sa zama wuri ɗaya: kowacce na kama fayil a daidai lokacin da ɗayar ke kama shi, sai kwamfuta ta yi ta sanƙarewa, wani lokaci ma ɗaya ta killace fayilolin ɗayar. Cirewar da aka saba ba ta cika share komai ba, shi ya sa kamfanoni ke da manhajar sharewa ta musamman, irin MCPR ta McAfee da kavremover ta Kaspersky. Kashe kwamfutar ka sake kunnawa, ka saka sabuwar, ka bar ta ta sabunta kundinta, sannan ka yi cikakken bincike sau ɗaya, wanda zai iya cin awa ɗaya ko fiye. Don ka tabbatar tana aiki, nemi fayil ɗin gwaji na EICAR. Ɗan rubutu ne mai haruffa 68, ba ya cutar da komai, amma an yi ittifaƙi duk antibairos ta ɗauke shi tamkar bairos. Idan ka sauke shi ba ta motsa ba, gadin a kashe yake.

Akwai bairos ɗin filashi da ke tsorata mutane fiye da kima. Za ka buɗe filashi ka ga foldodinka sun koma gumaka masu 'yar kibiya a kusurwa, kowanne girmansa kilobait ɗaya ko biyu. Kada ka danna ko ɗaya, dannawar ce ke tayar da shi. Fayilolinka na nan, ɓoye su aka yi. Bincika filashin da antibairos, ka goge gumakan, sannan ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin filashinka. Foldodin za su dawo. Fayil ɗin da kake shakka kuma za ka iya ɗora shi a shafin VirusTotal, inda injunan antibairos kusan 70 za su duba shi a tare, amma banda takardar sirri, domin abin da aka ɗora yana isa hannun masu bincike.

Abu biyu babu antibairos ɗin da za ta yi maka su. Ba za ta toshe ramin da ke jikin Windows ba. Bairos ɗin WannaCry da ya ɓarke a watan Mayun 2017 ya afka wa ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Birtaniya, alhali Microsoft ta fitar da maganin ramin tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha wuya. Windows 7 ta daina samun gyara tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU zuwa Oktoban 2026. Mai irin wannan kwamfuta, kuɗin antibairos gara ya tara su don komawa Windows 11 ko Linux, wata manhaja da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Haka kuma antibairos ba za ta dawo da fayil ɗin da bairos ya riga ya kulle ba. Wannan aikin kwafi ne: ka ajiye hotuna da takardu a faifan waje, ka zare shi daga kwamfutar da zarar ka gama, domin faifan da ke maƙale tare za a kulle shi.

Mai kwamfutar Mac ta Apple yana da manhajojin kariya XProtect da Gatekeeper a ciki, kuma sun wadatar idan daga App Store ko shafukan kamfanoni na asali yake sauke manhaja. Malwarebytes ta kyauta ta isa ƙari. Mai Chromebook, wato kwamfutar da ke aiki da manhajar Google, ba ya buƙatar sayen komai, sai dai ya riƙa duba ƙananan manhajojin da ya liƙa wa burauzarsa ya cire wanda bai san da zamansa ba.