Dashen haƙori: hoton nukiliya ko hoton eksire?

Ɗan'uwa, ka ce an dasa maka haƙori mai gindin ƙarfen titaniyom, ka kuma ji ana duba ko ƙashin muƙamuƙi ya kama shi da hoton nukiliya, shi ne kake tambaya ko ya fi eksiren da likitan haƙori ke ɗauka.

Eksire siffa yake nunawa: inda ƙashi ya tsaya a jikin dashen, ko ya zaizaye a wuyansa, ko akwai rata. Matsalarsa jinkiri, domin sai ƙashi ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na ma'adininsa kafin canjin ya fito. Na'urar CBCT, wato eksiren da ke zagaya kai yana ɗaukar hoto, tana nuna wurin ta kowace fuska, amma ƙarfen kan dagula hoton daidai inda ake son gani.

Hoton nukiliya kuwa aikin ƙashin yake bi. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai ɗauke da tekinitiyom-99m, wanda ke fitar da tururin nukiliya (radiyeshan) da kyamara ke ɗauka, ta jijiya, a jira awa 2 zuwa 4, sinadarin ya taru inda ƙwayoyin gina ƙashi suke aiki. Bayan dashe wurin yakan yi haske sosai a makonnin farko, sannan ya riƙa lafawa cikin watanni yayin da ƙashin ke zama. Wannan sauyin eksire ba ya ganinsa. Sai dai hasken ba ya faɗin dalilinsa: ƙashin da ke warkewa da wanda ƙwayoyin cuta suka kama duk haske suke yi, hoton kuma ba shi da kaifin nuna ƴar ratar da ke tsakanin ƙarfe da ƙashi.

Abin da ya fi damuna shi ne tururin. Hoton ƙashi na nukiliya yakan kai milisibat 4 (ma'aunin tururin da jiki ya ɗauka ke nan), kuma duk jiki ne ke ɗauka, alhali ƙaramin eksiren haƙori bai wuce kusan 0.005 ba. Saboda haka an fi amfani da hoton nukiliya a binciken masana, ko idan ana zargin ciwo ya shiga ƙashin kansa.

In dashenka ba ya motsi, ba ciwo ba ruɓa, eksire ya ishe ka. Ka tambayi likitanka ko yana da na'urar auna ƙarfin zaman dashe, wadda ke ba da maki daga 1 zuwa 100 ba tare da wani tururi ba. Warkewar kan ɗauki wata 3 zuwa 6, dashen muƙamuƙin sama ya fi jinkiri domin ƙashinsa ya fi laushi.