Motar haɗaka a Leeds: an ci wani tara saboda ya ɓata mini lokaci

'Yan uwa da ke ta tambayata wace irin mota na saya tun zuwana Ingila, ga amsa: ko taya ban saya ba. Wani kulob na shiga na masu haɗakar mota a nan Leeds. Motocin na kamfani ne, an ajiye su ɗai-ɗai a bakin titunan unguwanni, kowace da gurbinta da aka shata mata da fenti. In kana bukata sai ka kama ta a manhajar waya, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ka je ka buɗe ta da wayar ko da katinka. Ana cajinka kuɗin awa da na nisan da ka yi, mai da inshora da gyara duk suna ciki.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne wata Asabar cikin hunturu. Na kama mota ƙarfe 10 na safe za mu Bradford sayen naman halal da buhun shinkafa. Muka fito da maman yara da yaran, muka iske gurbin wayam. Wanda ya ɗauka kafin ni bai dawo ba. Sanyin nan mai shiga ƙashi, ƙaramar tana kuka, uwarta tana harara ta. Na buga lambar kulob ɗin a shirye nake in ji irin "ka ƙara haƙuri, yana hanya" da muka saba. Matar da ta ɗauka sai ta fara da ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin, ta duba, ta ce akwai wata mota a layi na uku daga inda nake, ta mayar da ni kanta nan take, ta kuma zuba mini wani abu a asusuna na ɓata lokaci. Na ce to shi wancan fa? Ta ce tara ta riga ta hau kansa, kuma tana ƙaruwa muddin bai dawo ba.

Wallahi har muka isa Bradford ina juya maganar. Tunda nake, ban taɓa ganin an hukunta wani don ya sa ni jira ba. Na yi jiran tela ranar jajibirin Sallah, na yi jiran direba a tashar Birnin Kebbi yana rantsuwa mutum ɗaya ya rage a tashi Sakkwato, na yi jiran bakanike da ya tafi sayo kaya tun hantsi sai bayan la'asar. Duk cikinsu ni ne mai ba da haƙuri daga ƙarshe, don kada a ce na cika zafi. A nan kuwa mutumin da ban san fuskarsa ba, shi ma bai san tawa ba, an cire masa kuɗi daga banki saboda mintunan da ya ci mini. Babu wanda ya je ya kama ƙafa, babu dattijon da ya sa baki.

Dalilin ƙin sayen motar ba tsumulmula ba ne. Tsohuwar mota a nan ba ta da tsada, riƙe ta ne aiki. Inshora dole ce, in aka kama ka babu ita tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a lasisinka, kuma sabon zuwa kamar ni kamfanonin inshora yanka shi suke yi, don shekarun da ka yi kana tuƙi a gida ba su cika lissafa su ba. Ga harajin hanya, ga gwajin lafiyar mota da suke kira MOT, wanda duk motar da ta kai shekara 3 sai an yi mata shi kowace shekara. Ga kuɗin fakin a ƙofar gidanka a wasu unguwannin. Lasisin Nijeriya ma wata 12 kawai yake yi maka aiki, daga nan sai ka sake zama ɗan koyo: jarrabawar kwamfuta fam 23, ta kan titi fam 62, kana tuƙi a hannun hagu da muka bari tun 1972. Bayan duk wannan, aiki a bas nake zuwa. Cibiyar RAC Foundation ta taɓa lissafa cewa motar gida a Ingila tana tsaye kimanin awa 23 a cikin 24. Na ce to ni da me zan ciyar da abin da zai wuni yana kallona ta taga?

Dabarar ba sabuwa ba ce a wurinsu. A Siwizalan an kafa ƙungiyoyin gama kai na haɗakar mota a 1987, waɗanda suka haɗe a 1997 suka zama ƙungiya ɗaya mai suna Mobility. Edinburgh ta buɗe nata kulob ɗin a 1999, kamfanin haɗakar mota na Zipcar ya fito a Amurka a 2000.

Kada dai ku ɗauka aljanna ce. Motar da ka ɗauka, a gurbinta za ka mayar da ita, don haka in ka je walima ka ajiye ta a waje, kana cin tuwo agogo yana cin kuɗinka. Na sha tashi daga tsakiyar hira ana "haba Malam, tun yanzu?" ina duba waya kamar mai shan magani. Dokar ƙasar ta ce yaro sai a kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, kuma kujerun kai za ka ɗauko su daga gida, ka bi titi da su a kafaɗa, ka dawo da su. Kafin ka tayar sai ka zagaye motar kana ɗaukar hoton kowane ƙwarzane, don wanda ba ka kai rahotonsa ba yana iya zama naka. Wata rana na buɗe ƙofa na iske gashin kare a kujerar baya, ni kuma da fararen kaya zan tafi Juma'a. Ranar Sallah kuwa kada ma a yi magana: in ba ka kama tun da wuri ba, Musulmin unguwa sun kwashe, sai ka bi bas da babbar riga iska tana kaɗa ta.

Akwai kuma 'yan uwanmu. Na je wani suna, wani mutumin Jega ya zagaya motar, ya ga tambarin kulob a ƙofa, ya ce: "Wagga taka ta, ko ta aro?" Aka yi dariya. Shi tasa Marsandi ce ta bashi, yana aikin dare yana biya. Halin nan mun taho da shi a jaka: mota a wurinmu shaidar an isa ce kafin ta zama abin hawa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ma'aikata nawa ne a unguwannin Gesse da Badariya na Birnin Kebbi suka lulluɓe motocinsu da tamfol suka koma kabu-kabu, amma a ce su sayar, ina! Me mutane za su ce?

Ba wai ba mu san haɗaka ba. Masu adashe a kasuwa suna riƙe amanar juna shekara da shekaru ba tare da takarda ba. Amma da zarar abin ya zama mota sai lissafi ya watse. Ka ba mutum aro da tanki cike, ya dawo da ita jar fitila na ƙiftawa, fitilar baya a fashe, ya ce "Allah ya tsare, abin ya zo da sauƙi," kai kuma ka ce amin. A kulob ɗin nan katin mai yana cikin motar, ba daga aljihunka za ka biya ba, abin da ake nema kawai kada ka bar wa na bayanka ƙasa da kwatan tanki. Wanda ya bari, tara.

Duk da haka akwai daren da zazzaɓi ya rufe ƙaramar, na duba manhaja babu mota kusa, na tsaya ina jiran tasi. A gida da ƙofar maƙwabci zan buga, ya fito da jallabiya, ba makullin zai ba ni ba, shi da kansa zai ja mu asibiti ya zauna har asuba. Maƙwabcina na nan motoci biyu ne a ƙofarsa, muna gaisawa kullum, amma ko a mafarki ba zan buga masa ƙofa ba.

Ƙanena ya ji labarin ya ce zai haɗa abokan aikinsa biyar a sakatariya su sayi mota ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Na ce madalla, amma su fara rubuta nawa ne tarar latti, su kuma yanke wa zai karɓe ta daga hannun wanda ya girme su duka. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Yaya, ai Alhaji ba a cin shi tara."