Daidaita gida mai gangare a Tawa: a taɓa harsashin mangaza ko a bar shi?

Gidaje da yawa a Tawa da garuruwan Adar a kan gangare suke, kuma idan mai gida ya tashi daidaita tsakar gidansa, abin da ke fara tare masa hanya shi ne ƙaramin ginin da ke kusurwa, mangaza ko madafa ko ɗakin baƙi, wanda aka gina tun ba a yi tunanin gyaran filin ba. Harsashin irin wannan gini ba shi da zurfi, saboda haka duk ƙasar da aka kwashe ko aka zuba kusa da shi tana shafar tsayuwarsa. Kafin a ba magini kafin alƙalami, a sa shi ya auna bambancin tsayin da ke tsakanin tudu da gangaren da siririn tiyo mai ruwa a ciki, sannan ya haƙa ɗan rami a gindin bango don a ga inda harsashin ya tsaya da abin da aka yi shi da shi.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a bar ginin yadda yake, a raba tsakar gidan hawa biyu, a tsai da ƙaramar katanga mai tare ƙasa tsakaninsu, da matakala biyu ko uku. Sharaɗin shi ne kada haƙar ta matso harsashi: idan za a sauka rabin mita ƙasa da gindinsa, a ja baya aƙalla rabin mita, a ƙara a kan haka in ƙasar rairayi ce. Adar ba ta rasa dutse ba, kuma duk wanda ya ga katangun dutse cikin ragar waya da aikin raya karkara na Keita ya yaɗa tun daga 1984 ya san amfaninsu, domin suna riƙe ƙasa suna barin ruwa ya wuce. Wanda ya fi son bulo da siminti, to ya tabbata an bar ƙananan kafofi a gindin katangar an kuma zuba tsakuwa a bayanta, in ba haka ba ruwan Agusta zai taru ya tura ta har ta kumbura ta tsage. Katangar da za ta haura mita ɗaya kuwa tana bukatar ƙarfe da lissafin injiniya.

Ciko shi ne ya fi sauƙin kuɗi a farko, amma yakan binne gindin bango, ya bar daɓen ɗaki ƙasa da tsakar gida, ruwa ya riƙa shiga ta ƙofa, danshi ya hau bango ya lalata hatsin da aka ajiye. Idan dole ne, a zuba jar ƙasa kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 15 zuwa 20, ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa, a kuma ɗaga daɓen ɗakin.

Ƙara wa harsashi zurfi daga ƙarƙashi shi ne aikin da ya fi tsada da haɗari, kuma bai dace ba sai ga ginin bulo mai lafiya wanda darajarsa ta kai wahalar. Ba a buɗe ƙarƙashin bango gaba ɗaya. Ana haƙa gaɓa ɗaya da ba ta wuce mita ɗaya ba, a tsallake na kusa da ita, a zuba kankare, a cusa kwaɓaɓɓen siminti a ratar da ta rage har ya taɓa tsohon harsashi, a jira ya kama, sannan a koma gaɓa ta gaba. Kankare mai ƙarfe yana cin siminti kilo 350 a kowace mita kubik (mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi), wato buhu 7 masu kilo 50, na Malbaza ne ko na Najeriya, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28, ana shayar da shi safe da yamma a makon farko saboda zafin rana. Maginin da ya ce zai gama wannan aiki cikin kwana biyu, a yi masa godiya a nemi wani. Idan bangon ya jingina da katangar maƙwabci, a yi magana da shi tun kafin a sa diga, domin ƙasar da ke riƙe da bangonku ita ce ke riƙe da nasa.

Ɗakin ƙasa kuwa, ko ginin da ya riga ya tsage daga sama har ƙasa, ban ga dalilin kashe masa kuɗin siminti a ƙarƙashi ba. A cire kwano da ƙofa da katako a ajiye, a rushe, a daidaita fili, a sake ginawa a kan sabon harsashin da ya isa ƙasa mai tauri, ba a kan ciko ba.

Kowace hanya aka zaɓa, kada a miƙar da filin tsaf. A bar masa karkata ta santimita 2 a kowace mita zuwa ga wuriyar da ke fitar da ruwa waje, a kuma fara aikin bayan kaka, yadda zai ƙare tun kafin hadarin Yuni ya taso.